Daren da Na Ɓalle Ƙofofin Gidana

A ƙarƙashin teburin karatuna akwai wata tsohuwar kwamfuta ta girke, wadda na saya a hannu tun ina rubuta kundin digirina na uku. Ta tsufa, ta yi nauyin jiki, in an kunna ta sai mutum ya sha shayi ya gama kafin ta farka, amma na kasa rabuwa da ita. Wata rana a lokacin hutu, wani tsohon ɗalibina da ya bar fagen tarihi ya koma harkar kwamfuta ya zo gaishe ni, ya hango ta cikin ƙura, ya ce, "Malam, ai wannan ba ta mutu ba. A ba ni yini ɗaya in mayar maka da ita rumbun gida." Kafin la'asar ya share abin da ke kanta, ya ɗora mata babbar manhajar Linux, samfurin Ubuntu, ya ƙara mata sabon faifan ajiya, ya jona ta da rautar gidan. Ya bayyana mini cewa daga yanzu duk wata na'ura da ke kan layin gidan za ta iya ajiye fayil a cikinta, ta kuma ɗauko, ba sai an riƙa yawo da filas daga ɗaki zuwa ɗaki ba. Wanda ya taɓa kai filas ɗinsa shagon buga takardu ya dawo ya tarar duk jakunkunansa sun rikiɗe sun zama gajerun hanyoyi marasa kai mutum ko'ina, ya san dalilin da ya sa na yi murna.

A daren nan na kwashe komai na zuba a ciki: hirarrakin da na ɗauka da tsofaffin fataken goro a Kano da Kumasi da Salaga tsakanin 2011 da 2013, takardun lacca, hotunan aure da na suna, da wata ƙaramar jaka mai ɗauke da sauti guda biyar. Su biyar ɗin nan na ɗauke su ne da wayata a 2018, ina zaune a ɗakin mahaifiyata tana ba ni labarin danginmu. Hajiya ta rasu a 2019, wayar kuma ta daɗe da lalacewa. Hirarrakin fatake suna da kwafi a wani faifai da ke ofis. Na Hajiya kuwa, bayan da na share tsohuwar kwamfutar cinyata na bayar da ita, ba su da wani mazauni a duniya sai wannan rumbu. Na san da haka, na kuma ce zan yi musu kwafi in na samu sarari.

Gidanmu gida ɗaya ne mai harsuna huɗu. Tawa kwamfutar Windows ce. Ta maman yara Mac ce, wadda ƙaninta ya kawo mata tsaraba da ta fara digiri na biyu. Yara suna da allo mai Android da suke rububinsa. Ga kuma dattijuwar da ke ƙarƙashin tebur da nata Linux. Abin da ke haɗa su zance wata ƙa'ida ce da ake kira SMB, wadda wani injiniyan kamfanin IBM, Barry Feigenbaum, ya ƙirƙiro a 1983, daga baya Microsoft ya ɗauke ta ya mayar da ita harshen musayar fayil na Windows. Linux bai gaji wannan harshe ba, tafinta ake ɗaukar masa. Sunan tafintan Samba, kuma na daɗe ina zaton wani Bafulatani ne ya raɗa masa, tun da Samba da Sambo sunayen gida ne a wajenmu. Ashe wani ɗalibi ne a wata jami'a da ke Kanbera ta Ostareliya, Andrew Tridgell, ya fara rubuta manhajar ya sake ta a 1992, kuma da ya tashi neman suna sai ya bincika ƙamus yana neman kalmar da ke da haruffan S da M da B a jere.

Ɗalibin nawa ya samu aiki a Legas ya tafi, ya bar ni da rumbun da ni kaɗai ya buɗe wa asusu a ciki. Watanni biyu ina jin daɗina. Matsalar farko da ta ɓullo mai sauƙi ce, ko da yake ta ci mini kwana uku: duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai rumbun ya ɓace. Ashe rauta ce ke raba wa na'urori lambobin adireshi, kuma idan ta mutu ta farfaɗo tana iya sake rabon, wanda ya riga zuwa ya riga samu. Wanda yake zaune a ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa zai iya shekara bai gamu da wannan ba. Mu da ake ɗauke mana sau biyar a yini, kullum rumbun sai ya tashi a sabon gida. Na shiga saitin rautar na keɓe masa lamba ɗaya ta dindindin, maganar ta mutu. Sai kuma wata tsohuwar na'urar kallo da ke falo ta ƙi ganin rumbun sam, saboda tsohon nau'in SMB na farko kaɗai take ji, shi kuwa Samba tun 2019 ya daina amsa wannan nau'in sai in an tilasta masa. Akwai hanyar tilastawar, layi ɗaya ne. Amma ta wannan tsohuwar kafa ce cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Na ce na'urar falo ta haƙura. A nan kam na yi hankali, kuma ina ambatonsa ne domin mai karatu ya san cewa abin da na aikata daga baya ba jahilci ne kaɗai ya jawo shi ba.

Maman yara ta kai babi na uku a kundinta, ta ce tana son ta riƙa ajiye aikinta a rumbun. Na buɗe mata asusu a Linux da sunanta, na ba ta kalmar sirri. Ta gwada, aka ce kalmar ba daidai ba ce. Muka sake, muka kuma sakewa, har ta fara zargin yatsunta. Sai daga baya na gano cewa Samba yana da nasa littafin sunaye daban da na Linux, kuma wanda aka rubuta a ɗaya ba a rubuta shi a ɗayan ba, tamkar baƙon da mai gida ya sani amma mai gadi bai san da zuwansa ba. Na shigar da ita littafi na biyu. Yanzu ta wuce mai gadi, tana ganin sunan jakar a allonta, amma da ta taɓa sai Mac ya gaya mata, cikin ladabin nan nasa mai ban haushi, cewa ba ta da izinin ganin abin da ke ciki.

Ta ɗauko kwamfutar ta same ni a ɗakin karatu. "Abban Ummi, an ce ba ni da izini. Wa ya hana ni, kai ko ita?"

Na ce wallahi ita ce.

"To ita wa ya gaya mata? Ko dai hotunan amarya ne a ciki?"

Da dariya ta faɗa, na kuma amsa da dariya, amma wanda ya yi shekara goma sha bakwai da aure ya san irin dariyar da ke da ƙashi a ciki. A garinmu namiji ba ya fara kulle wayarsa haka siddan, kuma mata sun san karatun wannan alama fiye da yadda muke karanta jarida. Ga jaka a gidanta, a kan wutar da take tayawa biya, mijinta na shiga yana fita, ita kuma an tare ta a bakin ƙofa. Babu bayanin fasaha da zai wanke ni, musamman da yake ni kaina ban san bayanin ba. Gobe da safe kuma za ta ga malamin da ke duba aikinta.

Bari in tsaya in faɗi abin da na fahimta daga baya, domin a nan ne gizo ke saƙar. Linux jikan Unix ne, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Amurka a 1969, a zamanin da kwamfuta ɗaya ce tak mutane da yawa ke tarayya a kanta. Saboda haka tun daga tushe aka gina shi da tunanin gidan gandu: kowane fayil da kowace jaka suna da mai su, suna da rukunin da suke ciki, sannan ga sauran jama'a. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan ana iya ba shi abu uku: karatu, wanda lambarsa 4 ce, rubutu, wanda lambarsa 2 ce, da wucewa ko zartarwa, mai lamba 1. Sai a tara. Wanda aka ba 7 an ba shi duka. Mai 5 zai shiga ya karanta amma ba zai canza komai ba. Mai 0 ko leƙe ba zai yi ba. Idan aka ce jaka tana da 750, ma'anarsa mai ita yana da komai, 'yan rukuninsa su shiga su duba, saura kuwa su tsaya a waje.

Jakar da ɗalibina ya raba ba ta da laifi, a buɗe take ga mai karatu. Sai dai ya gina ta ne a cikin jakata ta kaina, wadda Linux ke ware wa kowane mai asusu, kuma tun 2021 Ubuntu ya koma kulle irin wannan jaka da 750 ga duk wanda ba mai ita ba. A tsarin Linux kuwa, kafin ka isa ga jaka sai kana da izinin wucewa ta kowace jakar da ke gabanta. Abin ya yi kama da mutumin da ya gina ɗakin baƙi, ya bar shi a buɗe, amma hanyar shigarsa ta cikin turaka take. Samba ya ce mata bismillah, Linux ya ce ba hanya, kuma idan masu gadi biyu suka saɓa, maganar mai tsanani ake bi. Haka abin yake a Windows ma, inda izinin rabawa daban yake da izinin da ke manne da fayil a kan faifai, kuma wanda ya fi ƙunci shi ke yin nasara. Da na san wannan a daren, gyaran bai wuce in fitar da jakar daga turaka in kai ta tsakar gida ba.

Ban sani ba. Abin da na sani shi ne ƙarfe biyu na dare ta yi, batirin inbata ya fara kuka, kuma na gwada duk abin da na iya. Na ma ƙara wa kaina rikici: da na so in gwada asusunta daga kwamfutata, Windows ya ƙi, domin ba ya yarda a shiga rumbu ɗaya da suna biyu a lokaci guda, ga shi kuma ya riƙe wata tsohuwar kalmar sirri da na taɓa kuskuren rubutawa yana ta miƙa ta a madadina ba tare da ya tambaye ni ba. Na rasa wane ƙi ne na gaske, wane ne na ruɗu. A nan ne na tuna da wani umarni da na sha ji ana cewa yana maganin kowace irin matsalar izini: chmod 777. Bakwai ga mai shi, bakwai ga rukuni, bakwai ga duk wanda Allah Ya kawo. Na ɗora shi a kan jakar, bai yi aiki ba, saboda dalilin da na faɗa a sama. Sai na ɗora shi a kan jakata gaba ɗaya da duk abin da ke ƙarƙashinta. Don kada a sake samun wata tangarɗa, na shiga saitin Samba na ce baƙo ma ya shigo ba tare da suna ba, ya kuma rubuta abin da ya ga dama.

Nan take ƙofa ta buɗe. Maman yara ta ajiye babinta, ta leƙa sauran jakunkunan, ba ta ga amarya ba, muka kwanta lafiya. Na ji kaina kamar wani gwani.

Abin da ke ba ni kunya shi ne, ni ne mutumin da ya shafe shekaru yana rubutu a kan yadda zango ke karɓar baƙo. A Salaga da Kumasi, falke ba ya sauka ya hau ciniki haka kawai. Sai ya sami mai masauki, wanda zai ajiye masa kaya, ya tsaya masa a wajen ciniki, a kuma san wanda za a tuhuma in an samu matsala. Tsofaffin da na yi hira da su sun nanata mini cewa amanar fatauci duka a kan wannan ta tsaya, wato kowane baƙo a san sunansa, a san a hannun wa yake. Birnin Kano kansa kowace ƙofa da sarkinta, kuma a da, da dare rufe su ake yi. Na koyar da wannan a aji fiye da sau goma. Amma da abin ya zo kan gidana, a dare ɗaya na sallami masu gadi na cire ƙyamaren, don kawai ina jin barci.

Mako uku babu abin da ya faru. Ummi, babbar 'yata mai sunan Hajiya, ta gano cewa allon yara ma yana iya shiga rumbun, tun da ba a tambayar kowa suna, sai ta haɗa wa ƙannenta domin su riƙa kallon katun da na ajiye musu a can. Ban hana ba, har yaba mata na yi. Ranar wata Asabar allon ya ce ya cika, ba zai karɓi sabon wasa ba. Yayansa ya ce wa Auta, mai shekara bakwai, ya goge abubuwan da ba a buƙata. Yaron ya buɗe manhajar fayil, ya ga jakunkuna birjik, bai san wanne ne a cikin allon wanne ne a ƙarƙashin teburin babansa ba, domin a idonsa duk a wuri ɗaya suke. Ya bar masu hotuna, ya zaɓi waɗanda ba su da komai sai sauti marar hoto, ya danna shara. Aka tambaye shi ko ya tabbata. Ya tabbata mana.

Abu biyu na koya a yammacin nan, a tsaye, gumi na keto mini. Na farko, abin da aka goge ta kan layi ba ya zuwa kwandon shara, sai in an riga an saita masa kwandon tun farko. Tafiya yake yi kai tsaye. Na biyu, a Linux ikon goge fayil ba a jikin fayil ɗin yake ba, a jikin jakar da ke ɗauke da shi yake. Duk wanda ka ba izinin rubutu a jaka, ka ba shi izinin share duk abin da ke cikinta. Ni a zatona rubutu yana nufin ƙari ne kawai.

Na ɗaga hannu zan mari yaron, sai na ga yana kallona da idon wanda ya yi aikin kirki yana jiran a gode masa. Na sauke hannun. Mahaifiyarsa ta janye shi, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, a hankali, "Ni na matsa maka a daren nan." Na ce mata a'a, ita buɗe mata ɗaki ɗaya ta nema, ni ne na rushe katangar.

Na kira ɗalibina a Legas. Bai bari na gama bayani ba ya ce, "Malam, kashe ta yanzu. Kada ka ajiye komai, kada ka buɗe komai, cire wayar wutar ma in ta kama." Ya bayyana mini cewa gogewa ba ta kankare bayanan daga faifai nan take. Sunan da taswirar inda suke ake sharewa, a ce wurin ya zama fili, kuma duk sabon abin da aka rubuta yana iya sauka a kansu. Washegari ya bi da ni ta waya, mataki mataki, na tayar da kwamfutar daga filas, na kunna wata manhajar kyauta mai suna PhotoRec, wadda ke bin faifai tun daga farko har ƙarshe tana tsintar duk abin da ya yi kama da fayil tana zubawa a wani faifan daban. Ta kwana biyu tana aiki, ni kuma ina ta lallaɓar janareta da addu'ar kada mai ya ƙare.

Abin da ta tsinto ya fi dubu, kuma babu ɗaya da ya dawo da sunansa. Kowane fayil harafi ɗaya ne da jerin lambobi. Na ware masu sauti, na sa abin ji a kunne, na fara buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku na yi a haka. Sai in ji muryar wani dattijo a Kumasi yana lissafa mini zangunan da ke tsakanin Kano da Gwanja, in tuna tabarmar da muka zauna a kai da shayin da aka kawo mana, in tuna cewa shekara biyu bayan hirar aka aiko mini da labarin rasuwarsa. Sai karatun Ummi tana 'yar shekara shida. Sai wata lacca tawa da ban san wanda ya ɗauka ba, wadda na ji kaina ina maimaita "wato" har na ƙosa da kaina. Rabon da in saurari hirarrakin nan tun da na kare kundina. Na mayar da su tushen bayani a ƙasan shafi na manta cewa mutane ne. A yini na biyu da daddare na danna wani fayil, sai na ji an yi gyaran murya, an ce, "To, ka kunna abin naka?" Na cire abin jin na fita tsakar gida na daɗe a tsaye.

Huɗu daga cikin biyar sun dawo cif. Na biyar ya dawo da minti goma sha tara daga cikin kusan hamsin. Sauran ko dai wani abu ya hau kansu a 'yan sa'o'in da suka wuce kafin in lura, ko kuma a warwatse suke a kan faifan yadda manhajar ba ta iya haɗa su ba.

Gyaran da ya gagare ni a daren farko bai ci mini awa biyu ba da na zauna da rana, da natsuwa, da ɗalibina a waya. Na fitar da jakar iyali daga cikin tawa na kai ta wurin da ba na kowa ba. Na buɗe rukuni na sa masa suna iyali, na sa ni da maman yara da Ummi a ciki, na ba jakar 2770. Wannan 2 ta farko ita ke sa duk sabon fayil ya gaji rukunin jakar, kuma sai da na gaya wa Samba ya riƙa bai wa rukuni izinin rubutu a kan sababbin fayiloli, in ba haka ba abin da na ajiye ita karantawa kawai za ta iya, ba gyarawa ba, mu koma gidan jiya. Na rufe ƙofar baƙi. Allon yara na ba shi nasa asusun, wanda ba ya ganin komai sai katun, kuma ko su ba zai iya gogewa ba. Na saita kwandon shara. Jakar sauti kuwa na mayar da ita ta karatu zalla ga kowa, har da ni, domin na ga abin da hannuna ke iya yi da ƙarfe biyun dare. Yanzu muryar Hajiya tana wuri uku: a rumbun, a ofis, da kuma gidan yayana.

Sai wata maganar da ban shirya mata ba ta taso. Ummi, wadda ta cika sha shida, ta zauna kusa da ni tana kallon yadda nake raba lambobin, ta gane lissafin kafin in gama bayani. Ta ce, "Abba, ni ma a ba ni tawa jakar, mai 700."

Wato ita kaɗai, babu rukuni, babu kowa. Na dube ta. A gidan da na tashi, yarinya ba ta da abin da ya wuce akwatinta, shi ma uwa na iya buɗewa duk ranar da ta ga dama. Na tambaye ta me za ta ajiye. Ta ce rubuce-rubucenta ne, ba ta son ƙannenta su karanta su yi mata dariya. Mahaifiyarta ta ce a ba ta. Na buɗe mata, na sa 700, ta yi murna ta tashi za ta tafi. Da na yi shiru, da maganar ta ƙare a nan. Amma na kira ta na gaya mata gaskiya, cewa a Linux akwai asusun da ke sama da kowa, wanda duk lambobin nan ba sa aiki a kansa, kuma makullinsa a hannuna yake. Duk ranar da na so, zan iya karanta abin da ke jakarta ba tare da ta sani ba.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Abba, mene ne amfanin makullin?"

Na ce yana tare ƙannenta, yana tare kuskure irin na Auta. Ni kuwa babu abin da ke tare ni sai alƙawarin da zan yi mata yanzu, cewa ba zan buɗe ba sai na gaya mata, kuma sai da dalili mai ƙarfi. Ta ce ta ji ana iya rufe fayil da kalmar sirri ta yadda ko mai kwamfutar ba zai iya karantawa ba. Na ce haka ne, ana iyawa. Ta ce in koya mata. Na ce za mu yi maganar. Wata huɗu ke nan ba mu yi ta ba, ba ta sake tambaya ba, ni kuma ban san amsar da zan bayar ba in ta tambaya. Uban da ke cikina yana cewa yarinya 'yar sha shida a wannan zamani ba a bar mata ɗakin da babba ba zai iya shiga ba. Malamin da ke cikina kuma yana tuna mini cewa wadda ta gane lissafin 700 a minti biyar ba ta buƙatar in koya mata komai, tambayar da ta yi girmamawa ce. Mahaifiyarta ta ce in bar maganar a hannunta, kuma ina jin haka zan yi.

Fayil na biyar ban canza masa suna ba, yana nan da harafinsa da lambobinsa kamar yadda aka tsinto shi. A cikinsa Hajiya tana ba da labarin kakarta, wadda aka kawo Kano tana ƙarama a ayarin fatake, kuma daidai inda ta ce, "Sunan garin nasu kuwa," sautin ya yanke. Na tambayi yayana da gwaggonmu da ta rage, kowa da garin da yake faɗa. Ni da na zauna a gabanta na ji da kunnena, na dogara da cewa waya ta ɗauka, ban rubuta ba.

Ran nan ina sauraron sa a ɗakin karatu ba tare da abin ji ba, Auta ya shigo ya tsaya. Yana da shekara biyu ta rasu, bai san muryarta ba. Wajen minti na goma sha ɗaya akwai inda wani jariri ya fasa kuka a bayan fage, Hajiya ta katse labarin ta ce a miƙo mata shi, aka ji tana jijjiga shi tana yi masa wasa har ya yi shiru, sannan ta ce, "Ina muka tsaya?" Auta ya ce, "Abba, wane yaro ne wannan mai ihu?" Na ce masa shi ne. Ya ce in mayar baya ya sake ji, na mayar.